Lambar da ke Ƙasan Zane: Tarihin Bugu Mai Ƙayyadadden Adadi

Duk wanda ya duba ƙasan zanen da aka buga a kan takarda a gidajen baje kolin fasaha na zamani, zai ga ɗan rubutu da fensir kamar 12/50, da sa hannun mai zanen a gefe. Ma'anarsa ita ce kwafi na goma sha biyu cikin hamsin. Wannan 'yar lamba takan ninka farashi, alhali sana'ar buga zane ta shafe ɗaruruwan shekaru ba ta san da ita ba.

Asalin sana'ar a Turai yawaitawa ne. Mai zane yakan sassaƙa hoto a kan allon katako ko ya kankare shi a farantin jan ƙarfe, ya shafa tawada, ya danna takarda, hoto ɗaya ya haifi ɗaruruwa. A 1498 Albrecht Dürer na birnin Nuremberg a Jamus ya fitar da jerin zane goma sha biyar na bugun katako, kuma matarsa Agnes takan kai ayyukansa kasuwanni ta sayar. Ta haka wanda ba shi da ƙarfin sayen zanen fenti ya samu abin ratayawa a ɗakinsa.

Iyakar da ake da ita a lokacin ta ƙarfe ce. Jan ƙarfe yana da taushi, kowane bugu yana cin layukansa, don haka kwafin farko sukan fi na baya kaifi. Wani bugun Rembrandt na ƙarni na 17 ya samu laƙabi daga gilda ɗari da aka ce an biya a kan kwafi ɗaya. A 1775 wani kyaftin mai suna William Baillie ya mallaki farantin bayan ya side, ya gyara shi, ya buga kwafi ɗari, sa'an nan ya yanka shi gida huɗu. Tun daga nan aka fara gane cewa hana abu yawa shi ma hanyar ciniki ce.

A 1857 aka samo dabarar lulluɓe farantin jan ƙarfe da siririn baƙin ƙarfe a Faransa, faranti ya koma yana jure dubban bugu. Da uzurin sidewa ya kau, sai ƙayyade adadi ya zama shawarar mai zane da dillalinsa. James Whistler, Ba'amurke mazaunin Landan, ya riƙa sa wa zanensa na birnin Venice na 1880 alama da fensir, kuma zuwa farkon ƙarni na 20 lamba da sa hannu sun zama al'ada. Hausawa sun ce araha ba ta ado, masu sayen zane ma haka suka ɗauka.

Ƙarni na 20 ya nuna ribar wannan tsari da haɗarinsa. A 1967 Andy Warhol ya buga fuskar Marilyn Monroe kala goma, kwafi 250 kowace, yana nuni da yadda zamani ke sayar da fuskar mutum kamar kayan kanti. Kasuwa ta juya ta mayar da su kadara. Salvador Dalí kuwa ya sa hannu a kan dubban fararen takardu kafin a buga komai a kansu, abin da ya cika kasuwa da jabu, ya kuma jefa shakku a kan bugunsa har yau. Darajar lamba ta dogara ne kacokan a kan amana.

Nijeriya na da nata babi. Bruce Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932, ya shiga kwalejin Zariya a 1957, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. A 1958 shi da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane mai neman haɗa dabarun Turai da gadon gida. A 1967 ruwan asid ya ɓata masa faranti, ya cike ramukan da wani irin ƙaro, sai bugun ya fito da tudu da kwari da bai taɓa gani ba. Da wannan dabara ya zuba tatsuniyoyin Urhobo a kan takarda, suka shiga gidajen malamai da ma'aikata. Tun 1998 yake koyar da matasa sana'ar a taron bita na shekara-shekara a garinsu Agbarha-Otor.

Tarihin ya raba abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. Lambar fensir tana auna ƙaranci, ita dillali da mai gwanjo ke karantawa. Ma'ana kuwa tana cikin farantin, kuma kwafi na farko da na hamsin magana ɗaya suke yi. Ƙayyade adadi yana ciyar da mai zane, wannan haƙƙinsa ne. Asarar tana zuwa idan aka kulle kwafi hamsin a akwatuna ana jiran farashi ya tashi, domin sana'ar da aka ƙirƙiro don idanu da yawa su gani ta koma hannun mutane kaɗan.