Famfo, tanki da teku

Baƙo in ya shiga ɗakin binciken halittun teku, idonsa kan kifaye yake zuwa. Mu da ke aikin kuwa, kunnenmu na kan famfo. In ƙararsa ta ɗauke da tsakar dare, gwajin watanni na iya lalacewa kafin asuba. Shi ya sa nake ganin tarihin wannan fage tarihin ruwa ne: yadda ake jawo shi daga teku, da yadda ake fama a riƙe shi a tanki ba tare da ya sauya hali ba.

Waɗanda suka kafa tashoshin bincike na farko ba su da sauyin yanayi a ransu. Anton Dohrn, Bajamushe, ya kafa tasharsa a Naples ta Italiya a 1872, shekarar da aka kafa ta Roscoff a Faransa. Ta Plymouth a Ingila da ta Woods Hole a Amurka suka buɗe a 1888. Bukatarsu ita ce masani ya sami halitta da ranta a kan teburinsa. Amma sun bar mana gadon da ba su san darajarsa ba, wato ɗabi'ar rubuta abin da aka gani shekara da shekaru. A shekarun 1950 Alan Southward ya riƙa bin duwatsun gaɓar kudu maso yammacin Ingila yana ƙirga wasu ƙananan halittu masu ɓawo da ke manne a jikinsu. Ya lura in ruwa ya yi ɗumi nau'in kudu kan yawaita, in ya yi sanyi na arewa ya karɓe wurin. An katse yawancin irin wannan ƙirga a ƙarshen shekarun 1980 don tsimin kuɗi, daidai lokacin da ɗumamar yanayi ta fara tsananta. An dawo da aikin daga baya, amma giɓin yana nan, kuma har yau yana yi wa masu lissafi ciwo.

Abin da ya juya fagen shi ne batun tsamin ruwa. Teku na shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa, kuma ma'aunin pH na samansa ya sauko daga wajen 8.2 zuwa 8.1 tun zuwan masana'antu. A ido ba komai ba ne, amma ƙarin tsami ne na kusan kashi 30 cikin ɗari, wanda ke wahalar da duk halittar da ke gina ɓawo. Bayan rahoton ƙungiyar masana ta Royal Society na 2005 kan wannan batu, kowa ya ruga ya kafa tankuna. Wasu suka riƙa zuba asid kai tsaye a ruwa, alhali iskar ce ya kamata a hura, don sinadaran ruwan ba iri ɗaya suke sauyawa ba. Wasu kuma su ɗauko halitta da safe, su jefa ta cikin ruwa irin wanda ake hasashe a shekarar 2100 da rana, su rubuta cewa ta galabaita. To, wa ba zai galabaita ba?

Darasi mai zafi daga masu kiwo ya zo. A 2007 da 2008 'ya'yan kawa, halittar nan mai ƙumba da ake kiwo don ci, suka yi ta mutuwa a wurin ƙyanƙyasa na Whiskey Creek a jihar Oregon. Da fari an ɗora laifin kan ƙwayar cuta. Ashe ruwan ƙasan teku ne mai yawan kabon iska ke turowa gaɓa, famfo kuma na zuƙo shi. Maganin sai ya zama auna ruwan kowane lokaci, a ja shi da rana bayan tsirran teku sun rage kabon, a kuma gyara shi da sinadari. Daga nan muka daina ɗaukar ruwan gaɓa a matsayin abu mai tsayawa wuri ɗaya. Tsaminsa yana hawa yana sauka tsakanin dare da rana.

Sai aka koma neman kusantar teku. A 2008 Jason Hall-Spencer da abokan aikinsa suka wallafa abin da suka gani a tsibirin Ischia, inda iskar kabon ke ɓuɓɓugowa daga ƙasan ruwa: kusa da ramukan masu ɓawo na ɓacewa, ciyawar teku na bunƙasa. A 2010 aka rataya manyan jakunkuna tara a mashigin ruwan Svalbard, kowace na riƙe da lita kusan 50,000 da duk halittun da ke ciki. Ostireliya kuma ta buɗe cibiyar SeaSim kusa da Townsville a 2013, inda kwamfuta ke sarrafa zafi da haske da kabon har murjani ya hayayyafa a tanki.

Kayan aiki masu tsada ba su kawar da gardama ba. Wani nazari na 2015 ya nuna yawancin gwaje-gwajen sun yi sakaci wajen tsara tankuna, misali a shayar da su duka daga randa ɗaya sannan a ƙirga kowanne a matsayin shaida mai zaman kanta. A 2020 Timothy Clark da wasu suka maimaita shahararrun gwaje-gwajen da suka ce tsami na rikita hankalin kifi, ba su ga rikicewar ba. An yi ta sa-in-sa, kuma a ganina an amfana. Yanzu wanda ya kawo sakamako, za a tambaye shi tanki nawa, bututu nawa, ko ya ɗauki bidiyo, ko mai kallon kifin ya san wane ruwa ne wane, da kuma ko ya bi halittar har zuwa 'ya'ya da jikoki.