Matattarar Ƙarfi a Gini: Me Ya Sa Lissafin Iska Ba Ya Wadatarwa

A gine-gine masu hawa akwai ɓangaren da ido ba ya gani, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Duk ƙarfin da ya tura gini ta gefe, daɓen kankaren kowane hawa ne ke ɗaukarsa, ya miƙa wa bangon tokara, shi kuma ya sauke shi a harsashi. To amma bangon nan ba kasafai yake kai tsawon ginin ba. Shi ya sa ake shimfiɗa rodi na musamman ko bim na ƙarfe a layinsa, ya tattaro ƙarfin daga faɗin daɓen ya kai masa, kamar yadda indararo ke tara ruwan soro. Wannan ita ce matattara. Matsayina a nan shi ne: injiniyan da ya auna jimillar ƙarfin iska da na girgizar ƙasa a gindin gini, ya ga iska ta rinjaya, ya rufe babin girgiza, ya bar matattara cikin haɗari.

Tun farko ma tushen ƙarfin biyu ba ɗaya ba ne. Iska fuskar gini take bugu, kuma idan gudunta ya ninka biyu, matsinta zai ninka huɗu. Ƙarfin girgiza kuwa daga nauyin ginin kansa yake tasowa: ƙasa ta motsa, daɓe ya ƙi bin ta. Dogon gini siriri ba ya shan iska sosai ta gajeriyar fuskarsa, amma girgiza ba ruwanta da fuska, nauyi kawai ta sani.

Babban bambancin yana cikin alƙaluman kansu. A ƙa'idar ASCE 7 ta Amurka, ana lissafa iska ne da nufin gini ya jure ta ba tare da ƙarfe ya lanƙwashe ba. Adadin girgiza kuwa an riga an rage shi, an raba shi da lambar R, wadda ta kai 8 a wasu firam na ƙarfe, 5 ko 6 a bangon kankare na musamman. An yarda da wannan ragi ne bisa sharaɗin cewa bangon zai tsage, rodinsa ya miƙe, ya shanye bugun sannu a hankali. Matattara ba ta cikin wannan rangwame, domin in ta tsinke, bangon zai tsaya lafiya lau alhali daɓe ya rabu da shi. Saboda haka sashe na 12.10.2 ya wajabta, a rukunin haɗarin girgiza na C zuwa F, a ninka ƙarfin matattara da lambar Ω0, wadda yawanci take tsakanin 2 da 3. Mu ƙaddara iska ta ba da kilonewton 300 a wata matattara, girgiza ta ba da 200. In an ninka 200 da 2.5, an samu 500. Wanda ya sa rodin 300 ya gaza nesa ba kusa ba.

Ga misali a zahiri: ginin CTV mai hawa shida a Christchurch ta New Zealand ya rushe a girgizar 22 ga Fabrairu 2011, mutum 115 suka rasu a cikinsa. Cikin kurakuran da hukumar bincike ta gano har da raunin haɗin daɓe da bangon arewa. An ga wannan rauni tun 1990, aka ɗaura ƙarafan ja a 1991 a hawa na 4 zuwa 6, aka bar na 2 da na 3. Ginshiƙan ginin ma suna da nasu laifin, amma abin takaici ne a ce an san ciwon shekara ashirin kafin ya yi kisa.

Masu cewa ninkin Ω0 yana cushe rodi har kankare ya kasa ratsawa, kuma yana ƙara kuɗi, suna da gaskiyarsu. Ƙa'idar ma ta sassauta wa gine-ginen katako marasa nauyi. Amma maganin cushewa shi ne a faɗaɗa matattarar ko a ƙara kaurin daɓe a wurin, ba a rage adadin ba. Duk mai duba zanen gini a yankin girgiza, ya nemi lissafin matattara daban, na ja da na matsi, har da noti da waldar da suka haɗa ta da bango, kafin ya sa hannu.