Daga SCOA zuwa 'yar Kwatano: tarihin lasisin dilan mota

Jama'a, yanzu da matasa da yawa ke sha'awar sana'ar saida motoci, ina ganin ya kamata mu waiwaya mu ga inda takardun da ake nema a hannun dila suka samo asali.

A zamanin iyayenmu, in an ce dila ana nufin wakilin kamfani ne. SCOA, CFAO, UTC, Leventis, Mandilas, su ne masu shagon gilashi. A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas, daga baya ga Steyr a Bauchi da Fiat a Kano. Lokacin kuɗin Udoji ya shigo hannu, ga bashin mota da gwamnati ke ba ma'aikacinta. Ƙaramin ma'aikaci irina sai ya shiga shago ya fito da 504 sabuwa dal a leda. Kamfanin da ya ƙera motar shi ke tantance wanda zai saida masa ita: yana da gareji? Yana da makanikai da kayan gyara? Wannan amincewar ita ce lasisin gaske.

1986 ta rushe wannan tsari. Da SAP ta zo aka karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, masana'antun suka fara durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Sai kasuwa ta koma kan gwanjon Turai, wadda muke kira Beljiyam, Yarabawa su ce tokunbo. Da yake harajin tashar Kwatano ya fi na Legas sauƙi, sai motocin suka riƙa sauka can, wasu su bi ta Gaya da Maraɗi su faɗo ta Jibiya, da kwastan ko babu. Daga nan duk mai fili a bakin titi da rumfa da benci ya zama dila. Ba na raina su, wallahi su suka riƙe talaka da abin hawa shekara talatin. Amma babu wanda ke tsaya wa mai saye in motar ta fito ta sata ce ko ta fasa-ƙwauri.

Wannan giɓin ne gwamnati ta riƙa toshewa da takarda. Daga 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa. A 2019 kwastan suka garƙame filayen saida motoci a jihohi da dama suna neman shaidar biyan haraji. A 2022 suka koma ƙiyasta haraji da lambar jikin mota, wato VIN.

Don haka yau mai son shiga sana'ar zai fara da rajistar CAC da lambar haraji. Sai takardar SCUML da ke ƙarƙashin EFCC, domin dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta sa dillalan mota cikin waɗanda ake sa wa ido. Dokar ta kuma hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, alhali yau wace mota ce mai lafiya ƙasa da haka? Sai lambar dila daga ofishin lasisin motoci na jiha, da katin ƙungiya irin su AMDON, kodayake katin ƙungiya ba lasisin gwamnati ba ne.

Abin da ke damuna, duk takardun nan kuɗin gwamnati suke karewa. Babu ɗaya cikinsu da ke ba ka garanti irin na zamanin SCOA. In za ka saya, nemi takardar kwastan ta motar kanta, ka gwada lambar da ke jikinta da wadda ke rubuce, kafin ka tura ko sisi. In aka tare ka a hanyar Abuja, motarka za a ja, dila yana rumfarsa.