Dokin Da Ya Riga Mu Zuwa Fombina

Duk ranar Sallah mukan kwashi yara daga Malkohi mu tafi Yola kallon hawan Lamiɗo. Da yawanmu mun ɗauka Larabawa ne suka kawo mana doki, ko kuma zamanin jihadi ya shigo. Ashe ba haka ba ne.

Akwai wani masanin tono kayan tarihi, Scott MacEachern, da ya shafe shekaru yana aiki a duwatsun Mandara. A wani kufai mai suna Aissa Dugje, arewacin Kamaru, shi da abokan aikinsa suka tono ƙasusuwan dawaki da suka kai shekara dubu a ƙasa. Sun buga bayanin a 2001, masana kuma na lissafa su cikin tsofaffin ƙasusuwan doki da aka samu kudu da Sahara. Ƙanana ne, irin waɗanda kakanninmu ke kira kuru. Ke nan tun kafin Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, manoman gindin dutse sun san doki, suna kuma girmama shi.

Manyan dawaki daga baya suka zo ta hanyar fatake, su ne kuma aka riƙa kai hari da su. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji na aika dawaki Kwararrafa ana ba shi bayi. Mu 'yan kasuwa, wannan cinikin ba abin alfahari ba ne.

Maƙwabtanmu mutanen Gwoza da rikici ya koro nan, duwatsun nan ne gidansu. In an zauna hira bayan la'asar, a tambayi dattawansu me ya sa kakanninsu suka hau dutse.