Hukuncin cin gaiwar da aka haƙo daga busasshiyar ƙasa

Tambaya: Malam, da rani mukan haƙo gaiwa da ranta a fadamun Rogo. Ana cinta ba yanka, alhali ta yi watanni a tudu?

Amsa: Alhamdu lillahi. Halal ce, ba sai ka yanka ba. A mazhabar Imamu Malik, dabbar ruwa tana nan a kan hukuncinta ko da zamanta a tudu ya yi tsawo, haka yake a Mukhtasar na Shaihu Khalil.

Amma ɗan'uwa, dubi abin da ka haƙo. Kifi ce mai huhu, takan leƙo saman ruwa ta shaƙi iska. In ka danne ta a ƙarƙashinsa ta daɗe, mutuwa za ta yi. Idan ruwa ya fara janyewa sai ta nutse cikin laka, ta naɗe, ta fitar da yauƙi ya bushe ya zame mata riga, ta bar 'yar kafar numfashi. Ba ci ba sha har damina. Naman jikinta ne guzurinta, shi ya sa magabata suka ce gaiwa jikinta take ci. Subhanallah.

Halaccin ci bai halatta ɓarna ba. Kada ka kwashe na fadama kaf, ka bar na iri. Haka masu zuba magimfa ko maganin ƙwari a rafi, ko a ruwan Dam ɗin Challawa na Karaye: wannan haramun ne, domin guba tana kashe manya da ƙanana, kuma mutane da shanu suna shan ruwan.

Wallahu a'alam.