Maɓalli da Zugazugi: Yadda Akodiyan Ta Shiga Zamanin Lantarki

Duk wanda ya taɓa jin waƙoƙin I.K. Dairo a rediyo ya san muryar akodiyan ko da bai san sunanta ba. Ita ce 'yar akwatin nan mai naɗaɗɗen ciki da maɓallai goma, wadda shahararren mawaƙin nan na ƙasar Yarbawa ya shigar cikin kiɗan juju har ta zama tambarinsa. A Sudan da Masar ma ta daɗe da samun wurin zama cikin kayan makaɗan birni. Amma mahaifarta Turai ce, kuma gwagwarmayar mayar da ita ta lantarki an yi ta ne tsakanin Jamus da Italiya da Amurka da Japan, aka kwashe fiye da shekara hamsin kafin a samu wadda makaɗi na gaske zai rataya ba tare da ya yamutse fuska ba. Maɓallan ba su taɓa ba injiniyoyi wahala ba. Iska ce ta sha musu kai.

A watan Mayun 1829 wani maƙerin kayan kiɗa ɗan asalin Armeniya mai suna Cyrill Demian ya yi rajistar ƙirarsa a birnin Viyana. Ƙaramar aba ce mai maɓallai biyar, kowanne yana ba da haɗin sautuka guda idan an ja zugazugin, wani daban kuma idan an matse shi. A ciki akwai siraran harsunan ƙarfe da aka ɗaure a kan ramuka. Maɓalli ya buɗe ƙofa, iska ta ratsa, harshe ya kaɗa, sauti ya fito. Ke nan maɓalli ba ya da ta cewa a kan ƙarfin sauti ko laushinsa. Aikinsa buɗewa da rufewa kawai. Hannun hagu da ke jan zugazugi shi ne ke ɗaga murya ya sauke ta, ya sa ta rawa ko ya yanke ta, kamar dai yadda mai algaita ke sarrafa busarsa da kumatu, ba da yatsu kaɗai ba.

Daga wannan ƙira aka samu gida biyu. Akwai wadda ta riƙe halin ta Demian, kowane maɓalli da sauti biyu gwargwadon inda zugazugi ya nufa. Ita ce ta bi 'yan ci-rani da matuƙa jiragen ruwa zuwa Ailan da Kolombiya da Birazil da kudancin Amurka da tsibiran Kef Bad, ita ce kuma irin ta Dairo. Akwai kuma wadda maɓallinta ke ba da sauti ɗaya ko an ja ko an matse, mai layuka uku zuwa biyar, wadda ta yi ƙarfi a Faransa da Rasha da ƙasashen arewacin Turai. Rashawa na kiran tasu bayan. Garuruwa biyu suka zama cibiyar sana'ar: Castelfidardo a Italiya, inda Paolo Soprani ya buɗe shagonsa a 1863, da Trossingen a Jamus, gidan kamfanin Hohner, wanda ya fara ƙera akodiyan a 1903. Aiki ne na haƙuri, domin babbar akodiyan kan ɗauki harsuna sama da 400, kowanne kuma da hannu ake kankare shi har sautinsa ya zauna daidai.

Hohner ne ya fara gwada lantarki da gaske. Wajen 1950 ya fito da Electronium, ƙirar René Seybold. A ido akodiyan ce, amma babu harshe ko ɗaya a sashen da ke ba da sautin. Kwalaben gilashi irin na tsohuwar rediyo ke haifar da shi. Sauti ɗaya take iya fitarwa a lokaci guda, motsin zugazugi kuwa an ɗaura shi a kan abin ƙara murya da rage ta.  Cikin waɗanda suka same ta da amfani akwai masu kiɗan gwaji, irin su Harald Bojé da ya riƙa kaɗa ta a ƙungiyar Karlheinz Stockhausen.

Sai ga guguwar kiɗan rok da jita a ƙarshen shekarun 1950, matasan Amurka suka juya wa akodiyan baya, kasuwar da ke ciyar da Castelfidardo ta faɗi warwas. Masana'antun yankin suka ga in ba su rungumi lantarki ba, rufewa za su yi. A farkon shekarun 1960 wani kamfanin Shikago ya fito da Cordovox: akodiyan ce ta gaske ƙirar Italiya, an jona mata wata katuwar waya zuwa akwatin da ke ɗauke da kayan cikin ogan na Lowrey, sannan ga akwatin lasifika. Makaɗi ɗaya ya zama ƙungiya guda, amma sai ya nemi mota da mai taya shi dako. Farfisa, kamfanin da aka kafa ta hanyar haɗe wasu masana'antun akodiyan a kusa da Ancona, ya yi Transicord mai taransista, ba harshe ko ɗaya. Elka ya biyo baya da Elkavox. Abin dariyar shi ne ribar wannan zamani ba akodiyan ce ta ci ta ba. Fasahar da Farfisa ya koya ita ce ta haifi ƙaramin ogan ɗinsa da ƙungiyoyin rok irin su Pink Floyd suka yi suna da shi, wato kiɗan da ya kashe wa akodiyan kasuwa shi ya ci gajiyar bincikenta. A ganina duk waɗannan na'urori ogan ne da aka rataya wa mutum a ƙirji. Kusan dukkansu ma allon fiyano ne da su a hannun dama; masu maɓallai ba a cika tunawa da su ba.

A 1983 aka amince da MIDI, harshen bai ɗaya da kayan kiɗan lantarki ke magana da juna da shi, aikin da Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi, wanda ya kafa kamfanin Roland a Japan, suka yi wa jagora. Nan da nan masu gyara suka fara sa ƙananan makunnai a ƙarƙashin maɓallan akodiyan ta gargajiya, ta yadda za ta aika saƙo ga kowace na'urar sauti. To amma MIDI da mai fiyano a zuciya aka tsara shi. Abin da ya fi damuwa da shi shi ne wane maɓalli aka buga da kuma ƙarfin bugun, daga 0 zuwa 127, daga nan sai sauti ya mutu da kansa. Mai akodiyan ba ya bugu. Yakan fara sauti a hankali ya kumbura shi a tsakiya, ko ya girgiza zugazugi sautin ya yi ta ɓari. Dole aka riƙa aika ƙarfin iska ta wata hanya dabam, mai matakai 128 kacal, kuma idan ba a tace ta da kyau ba kunne kan ji murya na hawa tsani maimakon ta sulale.

An kai 2004 kafin a warware wannan ƙulli yadda ya kamata, lokacin da Roland ya fito da FR-7, wadda injiniyoyinsa na garin Acquaviva Picena suka ƙera, a yankin Marche ɗin nan da Castelfidardo take. Ba su dogara da motsin zugazugi ba. Sun sa na'urar auna matsin iska a cikinsa, tana kwatanta iskar ciki da ta waje. Girman bambancin ya zama ƙarfin sauti, alkiblarsa kuma ta nuna ja ake yi ko matsewa. Sannan suka koya wa kwamfutar da ke ciki ɗabi'un harshen ƙarfe: yadda manyan harsuna ke jinkirin tashi, yadda sauti ke ɗan sauka idan an matsa da ƙarfi, yadda harsuna biyu ko uku da aka saɓa musu sauti kaɗan da gangan ke haifar da rawar muryar nan ta kiɗan Faransa. Har ƙarar maɓalli da ta ƙofar iska, waɗanda maƙera suka yi shekara ɗari suna neman kashewa, sai da aka mayar da su, domin makaɗa sun ce in babu su abin bai yi kama da akodiyan ba.

Duk da haka makaɗa sun yi ƙorafi, kuma da gaskiyarsu. A akodiyan ta gargajiya harsuna ne ke shan iska. Ka danna maɓalli ɗaya, zugazugi ya tafi a hankali; ka danna biyar tare da buɗe dukkan jerin harsuna, ya zube a hannunka. Da wannan makaɗi ke lissafin inda zai juya. A ta lantarki babu mai shan iskar, sai wani rami da ake daidaitawa da hannu, saboda haka zugazugin kan yi tauri iri ɗaya ko me ake kaɗawa. Sai a FR-8x ta 2013 aka sa wata ƙofa mai ɗan inji da ke buɗewa da tsukewa gwargwadon yawan maɓallan da aka danna, wato an ƙera yoyon iska da gangan don hannu ya ji abin da ya saba ji.

Masu akodiyan mai sauti biyu su suka fi kowa jira, sai a 2011 Roland ya yi musu FR-18, mai maɓallai 18 a hannun hagu. Matsalarsu ta fi ta kowa tsauri. A wurinsu alkiblar iska ita ke zaɓar sautin kansa, ba ƙarfinsa kaɗai ba. A daidai lokacin juyawa matsin iska kan sauko zuwa sifili, kuma a nan ne na'urar aunawa ke rikicewa: ɗan rawar hannu kaɗan ya isa ya sa ta tsalle tsakanin sauti biyu. Idan mai ƙira ya bar tazara mai faɗi a kusa da sifili don hana wannan, kiɗan zai riƙa yankewa, makaɗin Ailan da ke juya zugazugi sau da yawa cikin daƙiƙa kuwa ba zai lamunta ba. Idan ya tsuke tazarar, sautin da ba a nema ba ya kutso. Ga kuma yatsan da ke kan maɓalli bai ɗaga ba, amma dole manhaja ta kashe tsohon sauti ta kunna sabo a take. Abin da harshen ƙarfe ke yi da kansa ba tare da an koya masa ba, sai an zauna an rubuta masa doka.

Ladan wannan wahala yana da yawa. Akodiyan mai sauti biyu ta gargajiya a ɗaure take da ma'aunin sautin da aka ƙera ta a kai, shi ya sa makaɗan Kolombiya ke zuwa wasa da akwati biyu ko uku. Ta lantarki kuwa jadawali ne kawai a ƙwaƙwalwarta. A canza shi, akwati ɗaya ta zama ta Ailan da safe, ta Kolombiya da yamma. Haka masu layuka biyar, da suka rabu gida biyu kan tsarin jera maɓallai, ana iya sauya musu tsarin da dannawa ɗaya. Tarin sandunan ƙarfe da ke bayan maɓallai 120 na hannun hagu, inda maɓalli guda ke buɗe ƙofofi uku a tare, ya zama 'yan layukan rubutu a manhaja. Ga kuma damar sa abin saurare a kunne a yi atisaye da tsakar dare. Nauyi ne dai bai ragu sosai ba, domin manyan na lantarki da lasifika da batir sun haura kilo 10.

Yanzu ma aikin ya fita daga hannun manyan kamfanoni kaɗai. Da ƙaramin allon Arduino, da na'urar auna matsin iska mai araha, da maganaɗisu a ƙarƙashin kowane maɓalli, mai sha'awa kan sayi mushen tsohuwar akodiyan ya kwashe harsunanta ya mayar da ita ta lantarki a ɗakinsa. Wasu kan yar da zugazugin gaba ɗaya su sa abin auna ƙarfin hannu a madadinsa. Ya fi sauƙi da araha, amma komawa ne ga kuskuren shekarun 1960.

Roland ya rufe masana'antarsa ta Acquaviva Picena wajen shekara goma bayan fitowar FR-7, ko da yake bai daina sayar da akodiyan ba, kuma Korg ya shigo fagen da Fisa Suprema, ita ma ƙirar injiniyoyin Marche. Sai dai akwai wurin da ta lantarki ba ta kamo ta ƙarfe ba har yau. Hohner ɗin da aka ƙera kafin Yaƙin Duniya na Biyu, in ta samu mai gyara da kakin zuma da fata da magagari, za ta koma bakin aiki. Ta lantarki kuwa ranar da allonta ya ƙone kuma kamfani ya daina yin irinsa, zancenta ya ƙare. Mai neman abin atisaye da hawa dandali ya sayi ta lantarki, mai neman abin da zai bar wa jikoki ya sayi mai harsuna.