Hotunan Tauraron Ɗan Adam da Sirrin Gwamnatoci

A da, gwamnatocin Amurka da Tarayyar Sobiyet ne ke da taurarin ɗan Adam na leƙen asiri. Abin da suka gani daga sama nasu ne, ba mai ganinsa sai wanda suka ga dama. Hatsarin Carnobil ne ya nuna wa duniya cewa zamani ya juya.

A ranar 26 ga Afrilu, 1986, ɗaya daga cikin tukwanen tashar nukiliya ta Carnobil, a ƙasar Yukiren ta yau, ta fashe. Hukumomin Sobiyet suka yi gum. Sai da ma'aikatan wata tashar nukiliya a Suwidin suka gano tururin guba a ranar 28 ga watan, sannan Masko ta fitar da 'yar gajeriyar sanarwa. Ba a bar 'yan jaridar waje sun je wurin ba. To amma washegari tauraron Landsat na Amurka ya ɗauki hoton tashar, bayan kwana biyu kuma na Faransa mai suna SPOT ya ɗauki nasa. Duk mai kuɗi yana iya sayen waɗannan hotuna, gidajen talabijin kuwa suka samu suka nuna.

Sai dai hoto ba ya magana, sai an fassara shi. Wasu kafofin labarai sun ga alamar zafi a wuri biyu, suka ba da labarin cewa tukunya ta biyu ma ta kama wuta. Ba haka ba ne. Wannan kuskure ya fi tayar da hankali a lokacin rikici, domin shugaba na iya yanke shawara bisa abin da jama'arsa suka gani a talabijin kafin masana su tantance.

Gwamnatoci ba su zauna haka nan ba. A watan Oktoba na 2001, da Amurka ta fara kai hari Afganistan, ba ta kafa dokar hana sayar da hotuna ba. Dabara ta yi: ta biya kamfanin Space Imaging, ta saye dukkan hotunan ƙasar da tauraron Ikonos ke ɗauka, 'yan jarida suka rasa na saye.

Yanzu kamfanonin sun yi yawa, saye su duka ya yi wuya. A watan Janairu na 2015, da hanyar Baga ta gagari 'yan jarida bayan harin Boko Haram, hotunan kasuwa ne ƙungiyar Amnesty ta yi amfani da su ta ƙirga gine-gine fiye da 3,700 da aka lalata a Baga da Doron Baga.